Yaya Za Mu Tsare Ɗalibai a Intanet ɗin Makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sa intanet a ɗakin kwamfuta na makarantarmu, amma wasu yara na leƙa shafukan batsa. Ta ina za mu fara? Daga shugabar wata sakandare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A fara daga na'urar da ke raba intanet, wato rauta. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, domin galibi tana rubuce a jikinta, kuma yara sun san wannan. Sannan a shiga saitin DNS na rautar, wato tsarin da ke nemo adireshin shafuka, a sa lambobin 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na kamfanin Cloudflare. Kyauta ne, suna toshe shafukan batsa da masu ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. A kunna SafeSearch na Google, wato tsarin da ke tace batsa daga sakamakon bincike, a kulle shi yadda yara ba za su iya kashe shi ba.

Inda ake yawan samun matsala shi ne VPN, wato manhajar da ke kewaye irin wannan tacewa. Ɗalibi ɗaya ya girka shi, tacewar ta tashi aiki. Don haka kada a ba yara asusun mai iko a kwamfuta, wato wanda ake girka manhaja da shi, malami kaɗai ya riƙe shi. A jera kwamfutocin yadda malami zai ga kowane allo daga inda yake tsaye.

A rubuta ƙa'idojin a shafi guda, ɗalibi da iyayensa su sa hannu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye a lokuta da dama kafin a sarrafa bayanan yaro, har da hotonsa.

Muna roƙonki, Malama, yaron da ya kawo ƙarar baƙon da ke damunsa da saƙo kada a hukunta shi. Tsoron bulala ke sa su yi shiru. A adana saƙonnin, a kira iyaye ranar.