Karatun tsaron sadarwar kwamfuta: me ya sa ake farawa da tushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko a wata jami'a da ke Jidda, kuma na zaɓi fannin tsaron sadarwar kwamfuta. Na zaci za a koya mana yadda ake kutse da yadda ake kama masu yin sa, sai na tarar da lissafi da ƙa'idojin TCP/IP, waɗanda kwamfutoci suke bi wajen aika wa juna bayanai. Shin haka karatun yake, ko in koma darussan intanet?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Haka karatun yake, kuma malamanku sun yi daidai. Wanda bai san yadda saƙo yake tashi daga wata kwamfuta ya isa wata ba, ba zai gane inda aka tare shi ko aka sauya shi a hanya ba, kamar dai maigadin da bai san yawan ƙofofin gidan da yake gadi ba.

Abin da ake so ya zauna maka a kai shi ne cewa bayani ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi, sannan ya shiga ta wata ƙofa mai lamba: shafukan intanet masu kulle bayanan da ake musaya da su suna bi ta ƙofa ta 443, shiga wata na'ura daga nesa ta amintacciyar hanyar da ake kira SSH kuma ta 22. Katangar tsaro, wato manhaja ko na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita, tana duba waɗannan adireshi da lambobi ne kafin ta bari ko ta hana. Idan ka fahimci matakai bakwai na tsarin OSI, wanda ya kasa aikin sadarwa mataki-mataki, za ka ga cewa kowane irin hari yana da matakin da yake faɗa wa, kuma maganinsa yana can.

Ba sai ka je nesa neman misali ba. A watan Agusta na 2012, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta goge bayanan kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin man Saudiyya, Aramco. Duk da girman ɓarnar, haƙar mai ba ta tsaya ba, domin na'urorin da ke tafiyar da ita suna kan wata hanyar sadarwa da aka ware daga ta ofisoshi. Wannan raba hanyoyi darasi ne na tushe, irin wanda ɗalibai suke hamma idan ana koyar da shi. Haka ma harin WannaCry, ƙwayar cutar da ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, na watan Mayun 2017: ya bi ta ƙofa ta 445, alhali Microsoft ta fitar da gyaran wannan raunin tun watan Maris, sai dai wurare da yawa ba su sabunta na'urorinsu ba.

Shi kuwa lissafi, da shi ake kulle bayanai. Tsarin kulle bayanai na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara ne ga wahalar gano manyan lambobi biyu da aka ninka, kuma AES, wani tsarin kullen da ya zama ma'auni a 2001, lissafi ne zalla. Ba a bukatar ka ƙirƙiro naka, amma tilas ka san abin da kowannensu yake karewa: sirrin bayani, ko ingancinsa, ko tabbatar da wanda ya aiko shi.

Darussan intanet suna da amfani matuƙar ka riƙe su a matsayin ƙari. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutocin gwaji, a kwamfutarka, ka kafa babbar manhajar Linux guda biyu ko uku a ciki, ka buɗe manhajar Wireshark ka kalli ƙunshin bayanai suna kai-komo tsakaninsu. Amma kada ka gwada Nmap, mai binciko ƙofofin da ke buɗe, ko makamancinsa a kan sadarwar jami'a ko ta maƙwabci ba tare da rubutaccen izini ba, domin dokar yaƙi da laifukan intanet da Saudiyya ta kafa a 2007 ta tanadi ɗauri da tara ga mai shiga na'urar wani babu izini. Idan ka kai shekara ta biyu, ka nemi ƙa'idojin tsaro na tushe da Hukumar Tsaron Intanet ta Ƙasa ta fitar a 2018, ta kuma sabunta a 2024, ka karanta, saboda da su ake auna hukumomin gwamnati a nan.