Maigidana ɗan sanda ne, tun da muka baro Madani ba ya barci, wa ya kamata ya gani?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni matar ɗan sanda ce, muna Kassala yanzu, daga Madani ta jihar Jazira a nan Sudan muka taso lokacin da yaƙi ya shigo garin a Disamba 2023. Tun daga nan maigidan ya canja, barci sai ya sha ƙwaya daga saidaliya, wato kantin magani, in raksha, babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a titi sai ya zabura, yara kuwa ko wasa suka yi da ƙarfi faɗa ne. An yi masa ruƙiya, da sauƙi amma bai tafi ba. Wai akwai masu kula da irin wannan a cikin aikin 'yan sanda? Shi tsoronsa kar a ce ya taɓu a kore shi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke ma Allah ya saka miki, don wallahi zama da mai wannan hali ba ƙaramin aiki ba ne kuma yawanci ba mai tambayar matar ya take.

Abin da kika lissafa ba hauka ba ne. Rauni ne da aiki ya yi masa, kamar yadda harsashi ke karya ƙafa, sai dai wannan ba ya zubar da jini shi ya sa mutane ba sa ganinsa. Duk wanda ya ga tashin hankali, kwanakin farko zai yi firgita da mafarki da rashin barci, kuma mafi yawa suna warwarewa da kansu. Amma in abu ya wuce wata ɗaya, mutum yana ganin abin yana dawo masa kamar yanzu ake yi, yana gudun duk abin da zai tuna masa, jikinsa kullum a ɗaure kamar yana bakin shinge, to likitoci suna zargin ciwon da ake kira PTSD, wato ciwon firgita bayan ganin tashin hankali. Daga nesa ba a yanke hukunci, sai an zauna da shi, amma alamun sun isa a ce ya je a duba shi. Kuma ki gaya masa ba shi kaɗai ba ne, a Ingila ma da ba yaƙi ake ba, binciken jami'ar Kambirij da ya fito a 2019 ya gano kusan ɗan sanda ɗaya cikin biyar yana da alamun wannan ciwo. To ina ga wanda ya ga abin da aka gani a Jazira.

Eh akwai masu wannan aiki, kuma ba mutum ɗaya ba ne, nan ne mutane ke ruɗewa. Wanda ya fi amfani gare shi a ganina shi ne akhisa'i nafsi, masanin halayyar ɗan adam, wanda ba ya rubuta magani, zama yake da mutum. Kar ki ɗauka hira ce ta "ka yi haƙuri komai zai wuce", aiki ne mai tsari, sau ɗaya a mako wajen awa guda, yawanci zama 8 zuwa 12. Da farko zai koya masa yadda zai sauke jikinsa in firgitar ta taso, numfashi a hankali, taka ƙasa, duba abin da ke gabansa ya ambata. Sai a hankali su koma kan abin da ya faru, ya faɗe shi daga farko har ƙarshe, a sake, a sake, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa abin ya riga ya wuce. Wurin da na fi ganin 'yan sanda suna maƙalewa ba tsoron ba ne ma, laifin da suke ɗora wa kansu ne. Mutum ya yi rantsuwa zai kare jama'a, ga shi ya cire kaki ya sa jallabiya ya fice da iyalinsa ya bar maƙwabta, sai ya riƙa ce wa kansa ni matsoraci ne. Wannan maganar in ba a fito da ita fili an auna ta da gaskiyar abin da zai iya yi a ranar ba, ƙwaya ba ta taɓa ta. Sunan irin wannan jinya CBT, akwai kuma EMDR, wadda ake sa mutum ya riƙa motsa idanunsa yayin da yake tuna abin, duka biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su tun a shawarwarinta na 2013.

Likitan ƙwaƙwalwa kuma shi ke rubuta magani, irin su sertraline ko fluoxetine, masu ɗaukar makonni kafin a ji aikinsu. Dan Allah ki duba kwalin ƙwayar da yake sha. In diazepam ce ko danginta, ba ta warkar da wannan ciwo, jiki yana sabawa da ita, amma kar ki ɓoye ta ko ya daina rana ɗaya, yankewa kwatsam na iya kawo farfaɗiya, likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan. Tramol kuwa ko kusa. Jabana ma, wato kofi, ya rage ta bayan la'asar, na san a Kassala wannan magana ce mai nauyi, amma finjali uku da daddare ga mai firgita ƙara wuta ne.

Sai likitan ma'aikata, wanda shi ne maigidanki ke tsoro. Aikinsa ya ce lafiyar wane za ta bar shi ya yi aiki ko ba za ta bar shi ba, ko a sauƙaƙa masa. Ƙa'idar wannan sana'a ita ce abin da ke zuwa wa shugaba shi ne sakamako kawai, a cire shi daga aikin dare wata biyu, a mai da shi ofis, ba labarin abin da ya faɗa a ɗaki ba. Sirri ba ya fita sai in rai na cikin haɗari, nasa ko na wani. Amma tsoronsa ba shirme ba ne, likitan da ke sanye da kaki ɗaya da kai dole ka yi tunani, don haka haƙƙinsa ne tun kafin ya buɗe baki ya tambaya, me za ka rubuta a fayil ɗina, wa zai gani? In bai natsu ba ya fara da na waje, asibitin gwamnati ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. 'Yan sandan Sudan suna da nasu sashen lafiya, babban asibitinsu shi ne Ribat a Burri ta Khartoum, amma yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ma'aikatan lafiya da yawa, don haka ya tambaya a asibitin 'yan sanda mafi kusa wa ke duba wannan ɓangare yanzu. Abin da ke korar mutum daga aiki galibi ba zuwa wurin likita ba ne, ranar da ya mari wani a shinge ko ya kasa tashi aiki saboda ƙwaya ce.

Akwai kuma aikin da nake fata shugabanninmu su ɗauka da gaske don ba ya cin kuɗi, wato horar da 'yan sanda su lura da junansu. Sojojin ruwan Ingila suka fara tsarin da ake kira TRiM, 'yan sandansu da yawa suka ɗauka, abokin aiki da aka horar zai zauna da kai 'yan kwanaki bayan mummunan abu, ya sake dawowa bayan wata guda, in ya ga ba sauƙi ya raka ka wurin masani. Ɗan sanda ya fi sakin baki da wanda suka kwana a shinge tare. Ko ba tsarin a wurinsu, ki nemo abokinsa ɗaya da yake jin maganarsa, ko wani babba da ya yi ritaya, shi zai fi ki iya jan hannunsa zuwa asibiti.

Ruƙiya ku ci gaba, ba ta hana magani, magani bai hana ta ba. Dakta Tijjani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, tun zamaninsa da shehunai yake aiki ba faɗa yake da su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka ko ɗauri ko a ce ya zubar da maganin likita.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. In yana shigowa da bindiga gida, ki roƙe shi ya riƙa barin ta a makhzan, wato ma'ajiya, na wurin aiki, ki ce saboda yara, kuma gaskiya ne. In kin taɓa jin ya ce gara mutuwa, ko ya fara raba kayansa yana neman gafara ba dalili, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ya ce eh, kar a bar shi shi kaɗai, a kira ɗan'uwansa a kai shi asibiti a ranar. In kuma faɗan ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko yara, ciwo ba hujja ba ne, ki sanar da manyanki.

Ke dai kar ki matsa masa sai ya ba ki labarin abin da ya gani, ba aikinki ba ne, zai ma ƙara rufewa. In ya zabura cikin barci kar ki riƙe shi, ki ɗan ja baya ki kira sunansa, ki ce muna Kassala, ga yara suna barci. Ki zaɓi lokacin da ya natsu, bayan sallar asuba ko ya ci abinci, ki fara da barcin don shi ne ba kunya a cikinsa, ki ce Abban yara mu je a duba maka wannan rashin barcin, ki ɗauki kwalin ƙwayar ku tafi da shi likita ya gani.