Amsa ga Alhaji kan fentin rim ɗin mota

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka, ka ce rim ɗin Corolla ɗinka sun dushe, fenti na ɓarewa, gefe ya goge da kwalbati, wane fenti za ka saya. To Allah shi gafarta, fenti shi ne na ƙarshe, aikin duk a gogewa yake.

Da fari a kai wa mai faci shi cire tayar gaba ɗaya, har darmar balansin. A wanke da omo, a dubi cikin rim da kyau. In aloyi ne, wato na alminiyam, kuma ya tsage, ka bar maganar fenti, fila, abin cike ramin nan, ba ta riƙe tsaga. Kuma kar ka yarda a gasa shi da wutar gas don a miƙe shi, zafi na kashe ƙarfin alminiyam. Sodar yin sabulu ma kar ta taɓa shi, cinye shi take.

Sanfefa kuma, inda ya goge a fara da mai kaushi, lamba 180, a bi da 320, a ƙare da 600 da ruwa. Af, in na ƙarfe ne mai tsatsa, daga 80 za a faro. A goge har bakin da taya ke zama, don nan ne tubles, taya marar tub, ke satar iska, mutum shina ta zargin bawul a banza. In ya bushe a share da tina, ruwan tsinka fenti, kar a sake taɓa shi da hannu, maiƙo kaɗan ke sa fenti yin ido-ido.

Faraima, wato fentin da ake fara fesawa a ƙasa, sau biyu, kuma ta aloyi daban take, wadda ke kama alminiyam, ka faɗa wa mai shago. Fenti siriri-siriri sau uku, minti goma zuwa sha biyar tsakani, sannan kiliya, marar launi mai sa sheƙi, sau biyu. Cikin inuwa, a yayyafa ruwa ƙasa. Ranar Gusau ta azahar busar da saman take tun ciki na ɗanye, ga ƙurar hunturu.

Amma abin da ke ɓata min rai, Alhaji, masu feshin nan da ke fesa har bayan rim inda yake haɗuwa da hob, ƙarfen da ake ɗaure shi a jiki, da ramukan noti. Don Allah mi ya kai fenti nan? Ka ɗaure noti bisa fenti, birki ya yi zafi, fentin ya laushi ya murƙushe, noti ya saki. Kana bisa hanyar Funtua da iyali, taya ta fara rawa. Kuma in ka yi magana su ce ai ya fi kyau. Wa ke ganin bayan rim? A rufe wuraren ga da tef kafin a fesa, ka tsaya kanka ka gani.

A bar shi kwana biyu kafin a mai da taya, a sake balansin, in ka yi kamar kilomita 50 ka sake ɗaure notin.