Hoton kai ya fito tas, me ya kai mu wajen likitan taɓin hankali?

Hajiya, Allah ya ba ƙanin naki lafiya. Kin ce an ɗauki hoton kansa a Garwa ba a ga komai ba, amma likitan jijiyoyi ya tura ku wajen likitan taɓin hankali, har kina zargin ko sallamar ku kawai ya yi. Na daɗe ina aikin jinya tsakanin Garwa da Marwa, kuma a ganina likitan ya yi daidai.

Likitocin biyu ƙwaƙwalwa ɗaya suke dubawa. A Faransa ma fanni ɗaya ne sai a 1968 aka raba su. Likitan jijiyoyi yana farautar ɓarnar da gwaji zai nuna, irin su farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki ko ƙari. Amma mai jin muryoyi, ko wanda barci ya ƙaurace wa yana cewa ana bin sa, galibi hotonsa lafiya lau yake fitowa, alhali ciwon yana nan daram. Kada kowa ya ce muku tunda na'ura ba ta gani ba, to iska ce.

Inda na'ura ta tsaya, sai likita ya zauna ya saurari mutum, nan kuma falsafa take shigowa. Karl Jaspers, likitan taɓin hankali a Jamus da ya koma masanin falsafa, ya bambance tun 1913 tsakanin gano sanadin ciwo da fahimtar abin da mai ciwon yake ji. Ki ɗauki wanda ya tsero daga harin dare ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a Kamaru, ƙarar babur kaɗai tana sa shi rawar jiki. Ciwo ne, ko kuwa tsoro ne mai dalili? Matar da ke cikin takaba ta ce ta ji muryar mijinta fa? Awon jini ba ya raba wannan gardama, sai an san mutumin da al'adar da ya taso a ciki. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga an rubuta magani ba a bari marar lafiya ya gama magana ba.

Ku je da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi. Ku faɗi lokacin da abin ya fara, ko yana suma ko fizge-fizge, ko yana shan tiramol ko wiwi, kada kunya ta sa ku ɓoye. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani, amma ban da mari, ban da duka, kuma ko ya ji sauƙi kada ya daina maganin sai likita ya ce.