Jarumina Ya Haura Arba'in, Labarin Ya Ƙi Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta littafi a kan wani magidanci ɗan shekara 45, mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Na kai babi na huɗu, amma waɗanda suka duba mini sun ce ba abin da ke faruwa sai tunani. Ina gyaran yake?
Marubuciya daga Gwammaja

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ciwon da ya fi kama irin wannan littafi ke nan: a zaunar da jarumi kan tabarma, ya yi ta tuna ƙuruciya shafi bayan shafi. Labarin saurayi da ƙafarsa yake tafiya, domin akwai abin da yake nema. Magidanci kuwa shi ake nema. Mahaifiya na kwance tana jinya, 'yarsa ta fari an sa rana ana maganar kayan ɗaki, ƙane na jiran jari. Ki zaɓi biyu, ki sa su faɗo a wata guda, abin hannunsa kuma ya ishi ɗaya kawai. Wanda ya zaɓa da wanda ya bari, su ne babinki na biyar. Ki duba aya ta 15 a Suratul Ahƙaf, wadda ta ambaci cika shekara arba'in: addu'ar cikinta ta haɗa iyaye da zuriya, kuma a tsakanin nan jaruminki yake tsaye.

Sai lissafi, inda marubuta da yawa ke tuntuɓe. In labarin a 2025 yake, an haife shi a 1980, shekarar rikicin Maitatsine, don haka labari ya ji, bai gani ba. Sai da ya kai 21 wayar salula ta shigo, a 2001. Zancensa na fari da ƙafa ya taka, ko ya aika wasiƙa. Yana da 33 aka hana acaɓa a Kano, bayan shekara guda Sarki Ado Bayero ya rasu. Ki rubuta wannan a takarda ki manna kusa da ke.

Kada ki ce "girma ya fara kama shi". Ki sa ya miƙa waya nesa kafin ya karanta saƙo, domin bayan arba'in ido kan fara gaza ganin na kusa. Ki sa mai adaidaita sahu ya ce masa "Baba" a karon farko, ya waiga yana neman wanda ake kira.

Tunanin baya kuwa kada ya wuce rabin shafi, kuma wani abu ne zai tayar da shi, kamar tsohon littafin bashin mahaifinsa da ya tsinta a ƙasan akwati.