Matambayi da Allon Bakin Hanya

Tambayoyin wannan makon kusan duk daga masu koyon mota suka zo.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce: "Malam, a takardar alamomin hanya da aka ba mu akwai wani allo shuɗi mai harafin i, wani lokaci da kibiya a gefensa. Mai koya mini mota ya ce wurin tambaya ne. Me ya dace a kira shi da Hausa?"

Malama, mai koya miki bai yi kuskure ba. Wannan i ɗin ba tamu ba ce ta amsawa, wadda ake cewa "i, na ji". Harafin farko ne na kalmar da ke nufin bayani a Turanci da Faransanci, shi ya sa ma'anarsa ɗaya ce ko a Kano ko a Maraɗi. Kibiyar tana nuna gefen da wurin yake, lambar da ke ƙasa kuwa, in an sa ta, nisan da ya rage ne. Ki lura da siffarsa: kusurwa huɗu gare shi, irin allon da ke sanarwa kawai. Mai da'ira shi ke ba da umurni, mai kusurwa uku shi ke gargaɗi.

Batun suna kuma, "wurin neman bayani" daidai ne, amma ya yi wa baki tsawo. Ni da za a bi ta tawa, matambaya za a ce. Na san za a ce ai matambaya jam'in matambayi ne. To, mahauta fa? Jam'in mahauci ne, kuma sunan wurin da ake fawa ne, karin sauti ne ya raba su, ba kuma wanda ya taɓa ruɗewa. Haka marina, haka majema. Harshen yana da masaƙarsa ta ƙirƙirar sunan wuri, mu ne muka yi watsi da ita muka koma jera kalmomi uku uku kamar masu fassarar sanarwar gwamnati. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Allon nan kuma yana tuna mini karin maganar da ake yanke wa wutsiya. Kowa ya iya cewa "matambayi ba ya ɓata", kaɗan ne ke ƙarasawa: "sai dai asirinsa ya tonu". A nan kuwa hikimar take. Wanda ya tsaya ya ce "don Allah ina hanyar Funtuwa?" ya shaida wa duk mai ji cewa shi baƙo ne, kuma fatake sun san abin da hakan kan jawo a kan hanya. Magabata ba su ɓoye cewa tambaya tana da farashi ba, sun dai ga ɓata ya fi ta tsada. Amfanin allon ke nan, zai kai ki inda aka tanada domin baƙo ya yi tambaya ko ya duba taswira ba tare da ya tallata baƙuncinsa ba. Ba kasafai ake cin karo da shi a hanyoyinmu ba, amma ranar da kika gan shi, ki sa sigina, ki rage gudu, ki sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Masu taka birki a tsakiyar titi su leƙo da kai suna tambayar ɗan acaɓa, ba su karin maganar take karewa ba.

Wani matashi daga Gusau: "A 'sannu sannu kwana nesa', kwanar hanya ake nufi?"

A'a, ɗana. Kwana na barci ne: mai tafiya a hankali shi ke kwana a wuri mai nisa. Kwanar hanya, irin ta Kwanar Ɗangora, aro ce daga Turanci, wasalinta na farko gajere ne, kuma karin maganar ta girme ta nesa ba kusa ba. Ka furta su a jere, kunnenka zai raba maka.

Wani daga Sakkwato ya ce ana yi masa dariya a Kaduna in ya ce kibiya ta nuna hauni.

Masu dariyar ne ke da saura. Hauni da hagu duk Hausa ce, ta yamma da ta gabas. Ka riƙe abinka, sai dai in kana nuna wa direba hanya, faɗi wadda zai gane nan take, domin mararraba ba wurin gardamar karin harshe ba ce. Dattawa ma za su ba ka labarin ruɗanin da aka sha a 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama kamar maƙwabtanta irin su Nijar. Gana ta biyo baya a 1974.

"Alamu ko alamomi?" in ji wata ɗaliba daga Bauci.

Duka biyun. Kalmar daga Larabci take, haka shi ma allo. Na fi jin daɗin alamomi ga na bakin titi, alamu kuma ga irin na damina ko na rashin lafiya, amma wannan zaɓina ne, ba doka ba.

Tambaya ta ƙarshe daga Damagaram: "Mene ne bambancin mararraba da shataletale?"

Mararraba daga rarraba take, inda hanyoyi suka rabu, kamar Mararrabar Jos a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Shataletale kuwa sai an zagaya shi kafin a ɗauki hanyar da ake so, kuma a allo za ka ga kibau uku suna bin juna a da'ira. Kalma ce mai daɗi a baki, don Allah a daina musanya ta da randabawul.