Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Fara Tallan Intanet?

Tambaya: Na gama difloma, ina zaune a Jekadafari cikin Gombe, waya kaɗai gare ni. Yaya zan shiga sana'ar tallan intanet? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, wayar ta isa. Nemi mai shago ɗaya, a ce mai atamfa a Babbar Kasuwar Gombe, ki karɓi tallansa na wata guda. Buɗe masa WhatsApp Business, ki jera kayan da hoto da farashi. Ki ɗauki hoton da hantsi a bakin ƙofa, don hasken ƙwan shago yana sauya launin atamfa, mai saye ya ga daban, sai rigima.

Wajen tallan kuɗi a Facebook ne sababbi ke ƙonewa. Suna barin tallan ya game Najeriya duka, kuɗin ya ƙare kan mutanen Legas da ba za su saya ba. Ki taƙaita shi ga Gombe da kewayen kilomita 20, maɓallinsa ya kai mutum WhatsApp kai tsaye. Ki bar shi kwana 5 zuwa 7, domin yawan gyara yana sa manhajar ta koma laluben masu saye daga farko. Sannan ki raba abin da aka kashe da yawan waɗanda suka saya, don ki san nawa aka kashe wajen samo kowane mai saye. Tafin 'yan kallo ba ciniki ba ne.

Ki rubuta ladanki daban, kuɗin talla daban, tun kafin a fara. Darussan Meta Blueprint, inda kamfanin da ya mallaki Facebook ke koyar da talla, kyauta ne, amma da Turanci da wasu harsunan waje suke.